HAƘURI DA NEMAN HAKKI: NASIHA GA MATASHIN DA AKE ZALUNTA A WURIN AIKI

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya haramta wa kanSa zalunci, Ya kuma haramta shi a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa matashi, wataƙila kai akawu ne a ofis, ko lebura a kamfani, ko yaron kanti, ko mai koyon kanikanci a gareji. Kana da maigida mai yi maka tsawa a gaban mutane, ya zagi iyayenka, ya riƙe maka albashi, ya danne maka ƙarin girma don ba ka da uwa a gindin murhu. Ko kuwa abokan aiki ne suka sa ka gaba da ba'a saboda gemunka da ɗage wandonka. To, me Musulunci ya ce ka yi?

Da farko ka kiyaye tauhidinka

A nan ne Shaiɗan ya fi kama samari. Da zarar matsi ya yi yawa sai wani ya raɗa maka cewa akwai malamin da zai rufe bakin oga, ko ya ba ka laya ka binne a ƙofar ofis. Wallahi wannan halaka ce! Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba har kwana 40. Ashe ka ga ka guji zaluncin mutum ka faɗa cikin shirka, wadda ita ce mafi girman zalunci, kamar yadda aya ta 13 ta Suratu Luƙman ta bayyana. Arzikinka ba a aljihun maigidanka yake ba. Shi kansa ci da shi ake yi.

Makaminka shi ne addu'a. Lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya gargaɗe shi da ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, domin babu shamaki tsakaninta da Allah. Tashi cikin dare ka kai ƙara inda ba a karɓar hanci.

Na biyu, kada ka rama da ha'inci

Wasu in an cuce su sai su fara sakaci da aiki, ko su riƙa ɗauke kayan ma'aikata suna cewa hakkinsu suke fanshewa. Wannan kuskure ne. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya umurce mu da mayar da amana ga mai ita, ya hana mu ha'intar wanda ya ha'ince mu. Ka zo a kan lokaci, ka gyara aikinka, ka kame bakinka daga zagi da gulma. In ka yi haka ka toshe ƙofar da azzalumi zai kama ka da ita. Amma in ya ce ka canja lissafi, ko ka sa hannu a takardar ƙarya, ko ka bar salla, to babu biyayya ga wani mahaluki cikin saɓon Mahalicci.

Na uku, haƙuri ba wulaƙanci ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka haƙuri shi ne a taka ka ka yi shiru. Dubi Annabi Yusufu (A.S.). An yi masa ƙazafi a gidan da yake hidima, aka jefa shi kurkuku shekaru, ya yi haƙuri. Amma da manzon sarki ya zo fitar da shi, ai bai fito ba sai da ya nemi a binciki matan nan, gaskiya ta bayyana a fili. Ya haɗa haƙuri da wanke sunansa. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta yi wa wanda aka zalunta izinin ya faɗi abin da aka yi masa. Ayoyi na 39 zuwa 43 na Suratush Shura kuwa sun halatta neman hakki daidai gwargwado, sannan suka nuna cewa yafewa ta fi lada. Zaɓi naka ne.

In za ka nemi hakkinka, ka bi ta ƙofa. Ka fara samun mutumin shi kaɗai, lokacin da ransa ya huce, ka gaya masa cikin ladabi. In bai ji ba, ka rubuta abin da ya faru, da rana da wuri da waɗanda suka gani, ka adana takardar ɗaukarka aiki da ta biyan albashi. Sannan ka kai ga na gaba da shi, ko ƙungiyar ƙwadago, ko dattawan sana'arku in a kasuwa ne. A Nijeriya akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da aka kafa a 1976. Kai ƙara ba rashin tawakkali ba ne, riƙo da sababi ne. Sharaɗi dai kada ka ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya auku.

Na huɗu, kada ka bar ɗan'uwanka shi kaɗai

Azzalumi yana ƙarfi ne da shirun masu kallo. Kafin annabci wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman ya sayar wa Asi ɗan Wa'il kaya a Makka, ya hana shi kuɗinsa. Sai wasu dangogin Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka ƙulla alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta, wato Hilful Fudul. Annabi (S.A.W.) ya halarta yana saurayi, ya kuma yaba wa wannan alkawari bayan zuwan Musulunci. Saboda haka in ka ga ana cutar abokin aikinka, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, ka ba da shaidar gaskiya in an neme ka.

In kuwa duk hanyoyi sun toshe, wurin yana cin addininka da lafiyarka, to ƙasar Allah tana da faɗi. Ka yi istihara, ka yi shawara, ka nemi wani aikin tukuna, sannan ka fita da mutuncinka.

Daga ƙarshe, gobe kai ne maigida. Buhari ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya ƙare masa aiki, ya hana shi ladansa. Ɗacin da ka sha yau, kada ka shayar da yaronka shi.

Allah Ya isar wa duk wanda aka zalunta, Ya shiryi shugabanninmu, Ya azurta mu da halal. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.