Kamala Ba Ta Tsaya Ga Babbar Riga Ba

Ya ku jama'ar ƙasar Gumel, daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai kalmar da muke yawan yabon mutane da ita, amma mun rage mata nauyi, wato kamala. Daga Larabci ta shigo bakinmu ta hanyar malaman zaure, kuma tushenta ɗaya da "kammala" da "kamili" da sunan Kamilu da muke raɗa wa 'ya'yanmu. Ma'anarta abu ya cika, babu giɓi babu tawaya. Yau kuwa in an ce wane mai kamala ne, galibi babbar riga ake nufi, da tafiya a natse da magana ƙasa-ƙasa. Waɗannan halaye ne masu kyau, amma wanda ya saba barin aiki rabi-da-rabi ko tauye haƙƙin wani bai cancanci wannan yabo ba, komai girman rawaninsa.

Inda ake gwada kamala shi ne kasuwa. Kowace Alhamis fatake daga Nijar da kudancin Najeriya suna cika kasuwar Maigatari, kuma da abin da suka gani a hannunmu suke yi mana hukunci. Dillalin da ya san saniya na da ciwo ya yi shiru, da mai riɗin da ya zuba yashi a buhu, da mai zoɓon da ya yayyafa ruwa don ya ƙara nauyi, da mai awon da ya bubbuge gindin mudu, dukansu sun tauye abin da ya kamata ya cika. Ba ƙaramin lamari ba ne, tunda sura guda a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, da gargaɗin masu tauye awo ta buɗe.

Wani zai ce kamala ta Allah ce, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Gaskiya ne, amma wannan magana ta yi wa ɗan'uwa uzuri ce in ya yi kuskure, ba hujjar yin algus da gangan ba. Wani kuma zai ce tsadar rayuwa ce. Lallai ana shan wuya, sai dai mai sayen mudun nan da aka tauye shi ma talaka ne, kuma bafataken da aka cuta sau ɗaya wata kasuwa zai nufa, asarar ta hau kan kowa. Saboda haka iyaye, in za ku binciki mai neman auren 'yarku, bayan kun tambayi limamin unguwarsu, ku je ku tambayi waɗanda suke ciniki da shi da waɗanda suka taɓa ba shi bashi.