A Kwance Ragon Ya Taka

Yawancinmu a nan Tudun Wada, in ba mu sayar da dabba ba, to muna saye, ko daga Mariga, ko Beji, ko waɗanda mota ke saukewa bayan doguwar tafiya. Ga tambaya: mutum ya san ragonsa na ɗingishi, ya ɗaure shi tamau a turke, bai ce lafiyarsa lau ba, bai kuma ce komai ba. Ya yi ha'inci?

Mu fara duba ƙafar baya, don sau da yawa a nan aibin ke ɓuya. Gaɓar nan da ta turo baya, wadda muke ce wa gwiwa, ita ce daidai da idon sawunmu, inda agara ta kama. Gwiwar gaskiya tana can sama kusa da kwiɓi. Rago da sa a kan yatsu biyu suke tafiya. In za su taka, gwiwa da wannan gaɓa su lanƙwashe tare, ƙafa ta tashi ta yi gaba, ta miƙe, kofaton ya sauka kusan a sawun da ƙafar gaba ta bari. Mai ciwo kuwa takunsa gajere ne, ba ya kai wa sawun, yana saurin ɗauke ƙafar, wani lokaci bayansa ya ɗan yi doro. A tsaye, musamman in ciwon bai yi tsanani ba, da wuya a gane.

Wasunmu za su ce, "Ai mai saye yana da ido." Yana da shi mana! Amma wa ya gajarta igiyar? A ganinmu, wanda ya hana dabba taku don kada a gani ya riga ya yi magana, da igiya ya yi ta.

Hadisin Bara'u ɗan Azib da ke cikin Muwaɗɗa ya lissafa aibi huɗu da ke hana layya, gurguntakar da ta bayyana na ciki. Malaman Malikiyya kuma sun wajabta wa mai sayarwa faɗin aibin da ya sani, sun ba mai saye damar mayar da kaya. Sai dai talakan da ya yi wata biyar yana tara kuɗin rago, ya ga ɗingishin ranar jajibere, ina zai samu dillalin?

Don haka in an zo ciniki, mu dillalai mu fara kwance igiyar kafin a nema. Taku goma a busasshiyar ƙasa ya isa, a duba ta gefe, a duba ta baya, sannan a yi maganar kuɗi da la'ada.