Zuwa Yankari Kallon Namun Daji: Halal Ne Ko Ɓarnar Kuɗi?



Wasu iyaye biyu a nan Unguwar Romi sun saɓa a kan tafiyar da malaman Islamiyya ke shiryawa, ta kai ɗaliban babban aji Yankari. Ɗaya ya ce almubazzaranci ne, ana wannan tsadar rayuwa a kwashi kuɗi a tafi kallon biri. Ɗayan ya ce ai tafiyar ilimi ce. Sun kawo min maganar, na ga gara in amsa a nan kowa ya amfana.

Asalin abin halal ne. Wanda gidansa babu abinci, ko mai bashi na jiransa, ya yi zamansa, don ciyar da iyali wajibi ne, tafiyar kuwa ba wajibi ba ce. Mai hali ya je, kuma idan ya gyara niyya yana iya dawowa da lada. A Suratul Gashiya aya ta 17 Allah Ya zaburar da mutane su dubi yadda aka halicci raƙumi. A Suratul An'am aya ta 38 Ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummai ne kamar mu. Yaranmu sun haddace Suratul Fil tun suna ƙanana, amma nawa ne a cikinsu suka taɓa ganin giwa ido da ido?

Yankari tana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000. Da rani aka fi ganin dabbobi, lokacin da ƙishi ke tara su a bakin kogin Gaji: giwa, ɓauna, gwanki, kanki, ga gwaggon biri ba adadi. Mugun dawa kuwa har cikin masaukin baƙi yake kiwo. Kada wani ya tayar da hankalinsa, kallo ba ci ba ne.

Na je sau ɗaya. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne sa'ad da jagoranmu ya sa aka kashe mota, ya ce kowa ya yi shiru. Garken giwaye ya ratsa hanya, manya sun sa ƙanana a tsakiya. Babu wanda aka ce wa ya yi tasbihi, amma wallahi sai da na ji shi yana tashi a motar.

To, ga inda nake son mu tsaya, ikhwa. Jagoran nan idan ya ce kada a sauka, kada a yi ihu, kada a jefa wa biri abinci, bin maganarsa ya zama dole. Ka shiga ne bisa sharaɗi, Musulmi kuma yana cika sharaɗi. Keɓe daji ma ba Turawa suka fara ba. A fiƙihu ana kiransa hima. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'i, Sayyidina Umar ya keɓe Rabza, domin maslahar jama'a. Saboda haka mai lallaɓawa da bindiga ya kashe giwa don haurenta ya taɓa dukiyar al'umma, mai saye a hannunsa kuma abokin tarayyarsa ne. A Risala, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, farauta don wasa kawai makaruhi ce. Abdullahi ɗan Umar ya tarar da samari sun ɗaure tsuntsu suna gwajin harbi a kansa, ya gaya musu Manzon Allah ya la'anci mai yin haka. Yaron da ke jifan biri don a ɗauke shi bidiyo, malaminsa ya karanta masa wannan hadisin tun kafin a hau mota.

Manoman ƙauyukan gefen dajin su ma suna da hakki. Giwa na iya cinye gonar shekara a dare ɗaya. Hukumar da ta hana talaka kashe ta, wajibinta ne ta dubi asararsa.

Abin baƙin ciki, mu a jihar Kaduna muna da namu, gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari. Shekarun 'yan bindiga sun sa ba uban da zai yarda a kai ɗansa can. Shi ya sa sai mun ratsa Jos da Bauchi kafin yaro ya ga abin da Allah Ya ajiye a ƙasarsa.

Sai maganar ruwan ɗumi na Wikki, inda mutane suka fi zamewa. Wanka halal ne, cakuɗuwar maza da mata da buɗe tsiraici ne haram. Malamai su raba lokaci, idan wurin ya cika a haƙura.

Batun sallah kuma, tafiyar ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba, don haka za ku yi ƙasaru matuƙar ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Idan fitar yamma za ku bi, ku yi La'asar kafin ku shiga daji, domin jagora ba zai tsayar da mota kusa da ɓauna don wani ya shimfiɗa dardumarsa ba.

Wallahu a'alam.