IDAN MA'AIKACI YA YI ƁARNA DA JAHILCI, ALHAKIN WA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Kasuwar Kantin Kwari da ta Sabon Gari duk a ƙasar Ƙaramar Hukumar Fagge suke. Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa kula da kasuwanni da magudanan ruwa da kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga rumfunan Kwari a watan Agusta na 2022, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, ya san waɗannan ayyuka suna taɓa dukiyar bayin Allah.

To, idan aka ɗauki yaro aka ba shi duba gari ko karɓar haraji ba tare da horo ba, ya yi ɓarna, wa ke da alhaki?

Malamai sun ce aiki amana ne, ita kuwa amana ƙafa biyu gare ta: gaskiya da iyawa. Annabi Yusufu, alaihis salam, da ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, tsaro da sani ya ambata tare. Mai gaskiyar da bai iya lissafi ba yana iya cutar ɗan kasuwa ba da nufi ba, hasarar kuwa ba ta tambayar niyya.

Saboda haka alhakin ya kasu biyu. Ma'aikaci yana da nasa, domin wajibi ne baligi ya san hukuncin abu kafin ya shige shi. Amma kaso mafi nauyi yana wuyan shugaban da ya naɗa shi ya bar shi cikin duhu.

Hanyar horo kuwa akwai ta. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, an ɗora wa jami'o'in Zariya da Ife da Nsukka koyar da ma'aikatansu, aka kuma ware kashi 1 cikin 100 na kasonsu domin haka. Wannan kuɗi haƙƙin talakawa ne. Shugaban da ya tura ɗan gidansa kwas ya bar wanda aikin ke hannunsa ya ci amana. Haka ma ma'aikacin da ya je don alawus, ya dawo da takarda babu ilimi, domin ya karɓi ladan abin da bai yi ba.

Takardar kwas tana kawo ƙarin girma a ofis, amma gobe kiyama aikin za a tambaya. Allah Ya sa mu fita haƙƙin jama'a, amin.