Maharbi da Amanar Dawa

Matafiyin da ya tashi daga birnin Kano ya nufi Jos, in ya karya a Kwanar Dangora cikin ƙasar Kiru, ya wuce Tudun Wada, ba da jimawa ba zai ga gonaki sun ƙare, itatuwa sun rufe hanya dama da hagu. Wannan shi ne dajin Falgore. Nisansa daga birni kamar kilomita 150 ne, faɗinsa kuwa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Ya taɓa ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ya dangana da iyakar Jihar Kaduna da ta Bauchi, Kogin Kano kuma ya ratsa ta cikinsa. Tun a shekarun 1940, zamanin Turawa, aka keɓe shi aka kira shi gandun dajin Kogin Kano. A shekarun 1960 aka ɗaukaka shi ya zama wurin kiyaye namun daji, watau wurin da ba a yarda kowa ya yi harbi ba. Duk da haka, yau manyan namun daji sun yi ƙaranci ƙwarai a cikinsa.

To, a nan ne wata tambaya ta ke tasowa, wadda ta cancanci mai hankali ya zauna ya auna ta. Shin mutumin da sana'arsa kisan naman daji ce, ya iya zama mai kiyaye naman daji? Ko kuwa maharbi abokin gābar dawa ne, wanda ba abin da ya dace da shi sai kora?

Kafin a yanke wa mutum hukunci, ya kamata a san ko shi wane ne. Harbi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma mai daraja. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Barbushe, babban mutanen Dutsen Dala kafin zuwan Bagauda, ya siffanta shi da cewa gawurtaccen maharbi ne mai kashe giwa. Garuruwa da yawa in an bi asalinsu sai a tarar maharbi ne ya fara kafa bukka a wurin, domin shi ne ya san inda ruwa ya ke, da inda ƙasa ta ke da albarka. Maharba suna da shugabansu, Sarkin Baka, wanda ya ke raba musu gardama, ya ke kuma tsawata wa wanda ya keta al'ada. In kura ta addabi garke, ko damisa ta hana mata zuwa rafi, wurinsu a ke kai kuka. Mutum ba ya zama maharbi rana ɗaya. Yaro ya kan yi shekaru yana bin ubansa, yana koyon bambanta sawun gada da na mazo, da sanin inda iska ta ke kaɗawa, da yadda a ke ɗaura kan burtu a goshi a yi ta rarrafe har a kusanci nama bai tsorata ba.

Mutanen dā sun yi ɗaruruwan shekaru suna harbi, amma dawa ba ta ƙare ba. Dalilan haka guda uku ne, kuma ba duka ne suka dogara ga kirkin maharba ba. Na fari, jama'a ba su da yawa, daji kuwa ba iyaka. Na biyu, makamin ba ya kashe da yawa: mai kwari da baka sai ya yi yini yana sanɗa kafin ya sami harbi ɗaya, mai bindigar toka kuma in ya harba sai ya tsaya ɗuri, kafin ya gama garke ya yi nisa. Na uku, farauta aikin rani ce. Da ruwa ya sauka kowa ya kan koma gona, ciyawa ta yi tsawo ta ɓoye nama, zabi su yi ƙwai su ƙyanƙyashe ba mai damunsu. Ta haka dawa ta ke samun hutu kowace shekara, ba tare da an rubuta doka ba.

Waɗannan katangu uku duk sun rushe. A ƙidayar 2006 mutanen Jihar Kano sun haura miliyan 9, wannan kuwa bayan an cire Jigawa tun 1991. Gonaki sun ci daji, shanu sun cika abin da ya rage, masu gawayi da masu itace suna sara ba dare ba rana. Bindigar zamani ba ta jiran ɗuri. Fitilar goshi ta mai da dare rana, ta kan kashe wa dabba ido ta tsaya cik har a harbe ta. Tarkon waya ba ya tambayar ko mace ce mai ciki. Ga kuma mota da babur suna kai nama kasuwa mai nisa, har wanda dā ya ke harbi don tukunyar gidansa ya koma yana harbi don cikin da ba ya ƙoshi. Zaki, wanda a ke yi wa kirari a kowane gari, yanzu a Nijeriya sai a Yankari da Kainji, can ma 'yan kaɗan.

Saboda haka waɗanda su ke cewa a raba maharbi da daji suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce ba a ba kura ajiyar nama. Sun ce wanda abincinsa ya rataya ga mutuwar gwanki ba zai iya yi wa gwanki adalci ba, kamar yadda ba a sa mutum alƙalanci a shari'ar da ya ke da rabo a ciki. Da irin wannan tunani aka keɓe Yankari a 1956, aka kuma yi Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa a 1963, wadda ta hana taɓa waɗansu dabbobi, ta ce waɗansu kuma sai da lasin. Lalle ba don an keɓe Yankari ba, da wuya a ce da sauran giwa a can yau.

Amma abin da ya faru a Falgore ya nuna hani kaɗai bai isa ba. Daji mai faɗin murabba'in kilomita 1,000 ba ya tsaruwa da 'yan ma'aikata ƙalilan, balle in baƙi ne waɗanda ba su san kwazazzabansa ba. In an kori mai ido daga wuri, ba kowa ke fita ba sai mai jin kunya da tsoron hukuma, marar kunya kuwa ya sami fili. A wajen 2015 sunan Falgore ya ɓaci da ɓarayin shanu da masu tare hanya da masu sace mutane, har matafiya suka riƙa fargabar ratsa shi, sai da gwamnati ta kai sojoji. Dajin da mutanen kirki suka daina shiga bai zama na dabbobi ba, miyagu ne suka gaje shi.

Sa'an nan karin maganar nan ta kura, in an dube ta da kyau, ba ta hau kan maharbi daidai ba. Abin da ya sa ba a ba kura ajiya shi ne ba ta san gobe ba. Ɗan Adam kuwa ya sani. Manomi ma yana cin hatsi, amma ba wanda ya ce kada a ba shi ajiyar iri. Ko yunwa ta yi tsanani ya kan ɗaure damin iri ya rataye, domin ya san in ya cinye shi baɗi ba shuka. Naman daji haka ya ke. Macen gwanki ta kan yi wata tara da ciki, ta haifi ɗa guda. Giwa ta kan yi kusan shekara biyu. In abin da a ke kashewa a shekara bai kai abin da a ke haifa ba, garke ya tsaya, har ya ƙaru. In ya ɗara, ko da kaɗan ne, to, garke ya kama hanyar ƙarewa, ko da ido bai gani ba tukuna. Ba wanda wannan lissafi ya shafa kamar maharbi, gama ranar da nama ya ƙare, malami yana nan da allonsa, maƙeri da uwar maƙerarsa, shi kaɗai ne zai wayi gari ba sana'a.

Waɗansu ƙasashe sun ɗanɗana wannan tun da daɗewa. A Amurka akwai wata irin kurciya da ta ke tashi garke garke har ta rufe rana. Aka yi ta harbinta ana kai wa kasuwa, har ta ƙarshe ta mutu a gidan ajiye dabbobi a 1914. Ɓaunarsu, wadda dā miliyoyi ce, ta ragu har ta kusa ɓacewa kafin 1890. Cikin waɗanda suka fara tashi tsaye don gyara akwai maharba, har da Theodore Roosevelt, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1901 zuwa 1909. A 1937 aka yi doka, da goyon bayan maharban kansu, cewa harajin da a ke karɓa a kan bindigogi da harsashi a riƙa kashe shi wajen raya namun daji da wuraren zamansu. Aka sa wa harbi lokaci, aka ƙayyade abin da mutum zai kashe. Bareyinsu da suka yi ƙaranci suka dawo da yawa.

Misali na biyu ya fi kusa, domin a Afirka ne. A arewa maso yammacin Namibiya, farkon shekarun 1980, fari da harbin sata sun kusa ƙarar da giwa da karkanda. Sai aka nemi sarakunan gargajiya su zaɓi mutanensu masu sanin daji, waɗansunsu tsofaffin maharba, a ba su ɗan albashi su riƙa zagawa suna kawo labari. Harbin sata ya ragu ƙwarai. A 1996 gwamnatin ƙasar ta yi doka ta ba mutanen karkara ikon kula da namun dajin ƙasarsu da cin amfaninsu. Abin lura a nan shi ne, a wuraren nan biyu ba a dogara ga kyakkyawan halin maharbi kaɗai ba. An ba shi rabo, an kuma ɗaura masa ƙa'ida, ana ƙidaya dabbobi, ana hukunta wanda ya zarce. Inda a ke karɓar kuɗin lasin a zuba aljihu, ko a ba da izni ba ƙidaya, wannan dabara ba ta haifar kome sai ɓarna.

Addinin da maharban Kiru da Doguwa su ke bi ma bai bar su ba jagora ba. Musulunci ya halatta farauta don abinci, ya sa a ambaci sunan Allah, amma ya yi hani ga kashe mai rai don wasa, ya kuma yi hani ga ɓarna a bayan ƙasa. Ya hana mai harami yin farauta, ya hana a kori naman da ke cikin hurumin Makka. Ashe keɓe wani wuri da wani lokaci, a ce nan ba a harbi, ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo.

Sauran magana ɗaya mai wuya. Akwai talakan da gonarsa ta ke bakin daji, birai da gadu suna cinye masa masara, yara kuma ba su ga nama ba tun Babbar Salla. In an ce masa ya ƙyale dabba domin jikokin da ba a haifa ba, alhali mai kuɗi yana shigowa da mota yana kwasar itace ba mai tanka masa, ba zai ga adalci a ciki ba, kuma yana da gaskiya. Amana ba ta tsayuwa da ƙafa ɗaya. Abin da ke wuyan hukuma shi ne ta ɗauki maharban garuruwan da ke kewaye da daji aikin tsaro da ƙidaya, da sanin Sarkin Baka da dagatai, ta biya su a kan kari, ta taimaki manomin da dabba ta yi wa ɓarna, ta kuma hukunta babba kamar yadda ta ke hukunta ƙarami. Abin da ke wuyan maharbi shi ne ya bar gandun da aka keɓe ya huta, domin daga can ne nama ya ke yaɗuwa zuwa inda aka halatta harbi. Ya ƙyale mai ciki da mai shayarwa. Ya bar tarkon waya da fitilar dare da zuba guba a ruwa. Kada ya cinna wa daji wuta don zomo ko gafiya, gama wutar da ta fitar da zomo ɗaya ta kan cinye abincin dabba dubu. In kuma ya ga ɗan'uwansa yana ɓarna, kada zumunci ya rufe masa baki. Haka ya ke ga dajin Dansoshiya na ƙasar Kiru, da kowane ɗan kurmi da ya saura.

Kada mai karatu ya zaci wannan magana ta mutanen bakin daji ce kaɗai. Kogin da ya ratsa Falgore shi ne ya ke cika madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974. Da ruwanta a ke noman rani a Kadawa da Kura, daga gare shi kuma birni ya ke samun wani kashi na ruwan sha. Itatuwa su ke riƙe ƙasa kada ta zube ta cike kogi, dabbobi da tsuntsaye kuwa suna cikin masu yaɗa 'ya'yan itatuwa. Wanda ya kiyaye dawa ya kiyaye tulun mutumin da bai taɓa ganin gwanki ba.

Amsar tambayar ke nan: maharbi ya iya zama mai kiyaye naman daji, har ma da wuya a sami wanda ya fi shi iyawa, muddin an ba shi rabo, shi kuma ya yarda da iyaka. Dā a kan auna jarumtakar maharbi da yawan fatun da ya shanya a ƙofar gida. Zamani ya kawo wani ma'auni. Maharbin da ya ɗana kibiya, ya ga macen gada da ɗanta a baya, ya sauke baka ya koma gida hannu wofi, ya yi abin da ya fi harbi wuya, kuma saboda irinsa ne ɗansa zai sami sawun da zai bi.