Tsawa Ba Ta Zaɓen Mai Zunubi

Karatu: Luka 13:1-5, Matta 4:5-7

Damina ta kama, manomi yana gona, makiyayi yana jeji. Idan tsawa ta kashe mutum, nan da nan akan ce ya yi sata, ko ya rantse da aradu a kan ƙarya, ko wani ne ya tura masa. Wannan ba koyarwar Ubangijinmu ba ce. Sa'ad da hasumiya ta Siluwam ta faɗa wa mutum 18, Yesu ya nuna a fili ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba. Haka kuma yara 18 da tsawa ta kashe a wata makarantar firamare a ƙasar Uganda cikin shekara ta 2011. Wa suka yi wa sata?

Tsawa wutar lantarki ce da take taruwa cikin gajimare, ta nemi hanya zuwa ƙasa. Abu mai tsawo takan fi sauka a kai: rimi, giginya, ko mutum tsaye a fili.

Saboda haka mu kiyaye waɗannan. Ƙarar tsawa takan yi tafiyar kilomita 1 cikin daƙiƙa 3. In ka ga walƙiya, ka ji ƙara kafin ka ƙirga 30, ta yi kusa. Ajiye fartanya, ka fita daga rafi, ka sauko daga tudu. Kada ka fake gindin itace ko cikin bukkar gona. Nemi ginannen ɗaki ko mota mai rufin ƙarfe, ka dakata minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe. Dattawan ekklisiya kuma su sa ƙarfen kare tsawa a bisa majami'a da makaranta, da waya mai kauri har cikin ƙasa.

Wanda tsawa ta faɗa wa, ba sauran wuta a jikinsa. Kada a gudu a bar shi, kada a ɓata lokaci wajen neman nono. In numfashi ya tsaya, a yi ta danna ƙirjinsa, a hura masa iska a baki, a gaggauta kai shi asibiti.

Wani zai ce, ai kwanana yana hannun Allah. Gaskiya ne. Amma Yesu da kansa ya ƙi dirowa daga kan haikali domin kada ya gwada Allah. Wanda ya ba mu rai, shi ya ba mu hankali. Mu tsare rai, mu kuma zauna a shirye da tuba, gama ba mu san ranar kira ba. Ubangiji ya kiyaye mu. Amin.