Ka Yanki Ciyawarka Tun Tana Ɗanya

Karatun Yau: Karin Magana 27:23-27
Ayar Haddacewa: Zabura 119:11

Duk wanda ya bi hanyar Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada da Doguwa a watan Nuwamba zai ga dammunan harawar wake da ta gyaɗa a kan rufin ɗakuna da rassan itatuwa. An ɗaga su sama ne don kada gara ta ci, kada awaki su gama da su tun kafin lokaci. Mai kiwo na gaske yakan yanki kyasuwa tun tana kore, ya shanya ta, ya ɗaure, domin ciyawar da ta bushe a tsaye ƙarfinta ya riga ya tafi. Dabba za ta cika ciki da ita, amma ba za ta yi ƙiba ba.

A lokacin kaka kowa mai ciyawa ne. Sai bazara ta shigo, Maris da Afrilu, daji ya ƙone, harawa ta yi tsada, sannan ake gane wanda ya yi tanadi. Wanda bai tara ba yakan ja akuyarsa ramammiya zuwa kasuwa ya sayar da ita a wulaƙance, ko ya sake ta ta faɗa lambun maƙwabci a yi rigima.

Karatunmu na yau ya haɗa lura da garke da tara ciyawa a kan kari, ya nuna cewa daga nan sutura da madarar iyali suke fitowa. Ƙaunatacce, cewa "Allah zai tanada" ba dalilin ajiye lauje ba ne. Allahn da ya bayyana wa Yusufu ma'anar mafarkin Fir'auna, shi ne kuma ya ba shi hikimar ajiye kashi 1 cikin 5 na amfanin ƙasar Masar har shekara 7 (Farawa 41:34).

Ranka ma yana da rani. Ciwo yakan zo, ko rashi, ko tsanani saboda sunan Yesu, har bakinka ya yi nauyin addu'a. A ranar nan, abin da ka ajiye a zuciya shi Ruhu Mai Tsarki zai tuna maka (Yohanna 14:26). Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau da kake da lafiya da salama, tara Maganar Allah, riƙe addu'ar safe, kada ka bar zumuntar 'yan'uwa.

Abin Yi: Kada ka sayar da harawarka duka a kaka. Ka ware dami ɗaya domin gwauruwar da ke kiwo a ikilisiyarku. Ka haddace aya ɗaya a wannan mako.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni hikimar sanin lokaci. Ka cika rumbun zuciyata da Maganarka, ka albarkaci garkena, kada rani ya same ni hannu wofi, cikin sunan Yesu. Amin.